Tsawon Gilashin Kyamara da Hoton Mutum: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya fara ɗaukar hoton mutane da gaske, ba ya daɗewa sai lambobin da ke jikin gilashin kyamara su fara damunsa: 35mm, 50mm, 85mm, 135mm. Kowa ya tambaya da irin amsar da zai ba shi, kuma da yawa daga amsoshin nan hadda ce, masu ba da su ba su taɓa gwadawa ba. Na tattaro tambayoyin da masu koyo suka fi maimaita mini. Inda na ce gilashi, lens nake nufi. Inda na ambaci milimita ban ƙara bayani ba, lissafin cikakkiyar sensa ne, kuma akwai tambayar da ta warware wannan a gaba.

Mece ce ma'anar lambar milimita da ke jikin gilashi?

Mun saba ce mata tsawo, amma ko ka ɗauko ma'auni ka gwada jikin gilashin ba lallai ka sami wannan lambar ba. Tazara ce tsakanin sensar kyamara, wato farantin da ke kama hoton a cikinta, da wani wuri a cikin tsarin gilashin, lokacin da aka saita shi a kan abu mai nisa ƙwarai. Kai mai ɗaukar hoto, abin da ya dame ka shi ne faɗin abin da kyamara za ta gani. Ƙaramar lamba tana gani da faɗi. Babbar lamba ganinta matsattse ne, tana jawo abu kusa.

In aka auna daga kusurwar hoto zuwa ɗaya kusurwar, 24mm yana ganin digiri 84, 35mm digiri 63, 50mm wajen 47, 85mm wajen 28, 135mm digiri 18, 200mm kuwa 12 kacal. Ka ɗauka kana tsaye bakin taga. Da idonka kana ganin layin gidaje gaba ɗaya, in ka leƙa ta cikin bututu sai ƙofar gida ɗaya. Gidajen suna nan yadda suke, bututun ya rage maka abin gani ne kawai.

An ce gajeren gilashi yana kumbura hanci, dogo kuma yana gyara fuska. Haka ne?

Abin da ido ya gani gaskiya ne, amma an ɗora laifin inda ba nan yake ba. Tazarar da ke tsakanin kyamara da mutum ita ce ke kumbura hanci.

Ga lissafin, ba shi da wuya. Daga kan hancin babban mutum zuwa kunnuwansa akwai kamar santimita 12. In kyamara tana santimita 40 daga hancin, to kunnuwa suna santimita 52 ke nan. Kunne ya fi hanci nisa da kashi 30 cikin 100, don haka a hoto hanci zai rinjayi kunne da wannan gwargwado. Ja da baya zuwa mita ɗaya da rabi: hanci na santimita 150, kunne na 162, bambancin ya sauko kashi 8. A mita uku, kashi 4. Ka lura duk lissafin nan ko sau ɗaya ba a kira sunan gilashi ba.

Abin da ya jawo wa gajeren gilashi baƙin jini shi ne yana tilasta maka matsowa. In kana son kai da kafaɗa su cika hoto da 24mm, sai ka zo kamar santimita 40, kusan kana jin numfashin mutum. Da 85mm kuwa daga wajen mita ɗaya da rabi za ka sami wannan cikar. Sai a kalli hotunan biyu a ce ga aikin gilashi, a manta cewa mai kyamarar ne ya canza wurin tsayuwa.

Ni ba a littafi na fara koyon wannan ba. Farkon riƙe kyamarata na ɗauki wata gwaggona da gilashi mai faɗi, na matsa mata sosai don in kamo murmushinta. Da na nuna mata sai ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ɗan nan, wannan hancin na wa ka aro mini?" Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, halin kyamarar ne." Ta ce, "Kyamarar ita ta kawo kanta gaban fuskata?" Ban da amsa.

Gani ya kori ji, ka gwada da kanka. Zaunar da wani mita biyu daga gare ka, kada ka ɗaga ƙafa. Ɗauki hoto da zum ɗinka, wato gilashin da ake murɗawa a sauya tsawonsa, a mafi faɗi, ka sake ɗauka a mafi tsawo. A kwamfuta ka yanke mai faɗin har fuskar ta kai girman ta ɗayan. Hanci, kunne da kumatu za su zo daidai a duka biyun. Bambancin da za ka gani a kaifin hoto ne da yadda baya ya dusashe, ba a siffar fuska ba.

Har likitoci sun shiga maganar. A 2018 wasu masu bincike a Amurka sun wallafa a mujallar JAMA ta tiyatar gyaran fuska cewa hoton ɗauki-kanka da aka yi daga kamar santimita 30 yana ƙara wa hanci girma da kusan kashi 30 cikin 100, alhali daga mita ɗaya da rabi hancin yana fitowa kusan yadda yake. Abin da ya sa suka yi binciken shi ne mutane na zuwa neman a rage musu hanci suna kafa hujja da hoton waya.

To a wace tazara ya kamata in tsaya?

Ga hoton kai da kafaɗa, daga mita ɗaya da rabi zuwa uku. A nan fuska take fitowa yadda mutane suka san ta, domin daga irin wannan tazara muka saba kallon juna. Ƙasa da mita ɗaya, hanci da goshi su fara turowa gaba, kunnuwa su lafe baya. In ka yi nisa da yawa kuma fuskar takan baje, kunnuwa su bayyana sosai, mutum ya zama kamar ya ƙara kumatu.

Da zarar ka zaɓi wurin tsayuwa, aikin gilashi ya koma na almakashi, ya yanko maka iya abin da kake so ya shiga. In ka riƙe kyamara a tsaye, ninka tazarar sau 36 ka raba da lambar gilashi, abin da ya fito shi ne kusan tsayin abin da hoton zai ɗauka. A mita biyu, 35mm zai ɗauki mita biyu, wato mutum daga kai har ƙafa. 50mm zai ɗauki mita ɗaya da santimita 44, kai zuwa gwiwa. 85mm santimita 85, kai zuwa ƙugu. 135mm santimita 53, kai da kafaɗa. Hotuna huɗu ke nan, kowanne da irin nasa, amma fuskar ɗaya ce a cikinsu duka, don ƙafarka ba ta motsa ba.

Saboda haka kafin ka tambayi wane gilashi, tambayi kanka: daga ina zuwa ina na jikin mutumin nake so, kuma fili nawa ne a bayana?

Me ya sa kowa 85mm yake ambata?

Domin shi da kansa yake ajiye ka inda ya kamata. Kai da kafaɗa a mita ɗaya da rabi, rabin jiki a mita biyu da rabi. Kana kusa yadda za ka yi magana ba sai ka ɗaga murya ba, ka ce wa mutum ya ɗan saukar da haɓa, ka ba shi dariya. Kana kuma nesa yadda ba zai takura ba. Ba a cika maganar wannan ɓangaren ba, alhali rabin aikin hoton mutum hira ce. Wanda ya takura, kafaɗunsa za su tona shi ko da wane gilashi ka yi.

Dalili na biyu, kamfanoni sun daɗe suna ƙera 85mm da babbar ƙofar haske, f/1.8, f/1.4 har f/1.2, ba tare da ya fi ƙarfin hannu ba (gwargwadon ƙanƙantar lambar f, gwargwadon girman ƙofar). Neman babbar ƙofa domin hoton mutum kuwa tsohon abu ne. Da aka bayyana wa duniya hanyar ɗaukar hoto a Faransa a 1839, gilasan lokacin ba sa shigar da haske sosai, sai mutum ya zauna mintuna bai motsa ba. A 1840 wani malamin lissafi a birnin Viyana, Joseph Petzval, ya tsara gilashi mai ƙofar f/3.6, kamfanin Voigtländer ya ƙera shi, zaman jiran ya ragu ƙwarai. Gilashin nan tsakiyarsa kaifi gare shi, gefensa kuma da taushi, kuma har yau akwai masu neman irinsa domin wannan halin.

Amma 85mm ba farilla ba ne. Sanannen hoton nan na yarinya 'yar Afganistan mai korayen idanu, wanda Steve McCurry ya ɗauka a sansanin 'yan gudun hijira a Pakistan a 1984, ya kuma fito a bangon mujallar National Geographic ta watan Yunin 1985, da gilashin Nikon 105mm f/2.5 aka yi shi. Shahararren mai ɗaukar hoto na Faransa Henri Cartier-Bresson kuwa yawancin aikinsa da 50mm ya yi. Duk abin da ke tsakanin 70mm da 135mm zai yi maka hoton fuska mai kyau.

Kyamarata ba cikakkiyar sensa ba ce. Lambobin nan sun shafe ni?

Sun shafe ka, amma sai ka yi ɗan ninki. Abin da ake kira cikakkiyar sensa faɗinta milimita 36 ne, tsayinta 24. Gado ne daga zamanin fim: Oskar Barnack na kamfanin Leitz a Jamus ya ɗauki fim ɗin silima mai milimita 35 ya mayar da shi na ɗaukar hoto a wannan girma, kyamarar Leica ta shiga kasuwa a 1925, tun daga nan ya zama ma'aunin da kowa ke komawa gare shi.

Ƙaramar sensa tsakiyar abin da gilashi ya kawo kawai take kamawa, kamar an riga an yanke maka gefe. A sensar APS-C ta Nikon, Sony da Fujifilm ninka lambar sau 1.5, a ta Canon sau 1.6, a tsarin Micro Four Thirds na Olympus da Panasonic sau 2. Gilashin 50mm yana nan a 50mm ɗinsa, amma a APS-C faɗin ganinsa kamar na 75mm ko 80mm ne. Shi ya sa Fujifilm ya yi 56mm, Olympus ya yi 45mm, Panasonic ya yi 42.5mm. Duk 85mm suke kwaikwayo, ko kusa da shi. A manyan sensa abin juyawa yake: 110mm a kyamarar GFX ta Fujifilm daidai yake da wajen 87mm.

Kuskuren da na fi gani shi ne mai APS-C ya ji ana yabon 85mm ya je ya saya, ya dawo ɗaki ya tarar yana riƙe da abin da ke aiki kamar 130mm, bayansa manne da bango, kan mutum bai gama shiga ba.

In dusashewar baya kake kwatantawa, lambar f ma sai ka ninka ta. 56mm f/1.2 a APS-C kamar 85mm f/1.8 yake, 45mm f/1.8 a Micro Four Thirds kuma kamar 90mm f/3.6. Wannan ninkin na kamannin hoto ne kawai, bai shafi yadda kake saita haske ba.

50mm kaɗai gare ni. Zan iya aiki da shi?

Sosai ma. In APS-C gare ka, ai gilashin hoton fuska ne a hannunka ba ka sani ba. In cikakkiyar sensa ce, yi rabin jiki da cikakken jiki da shi, nan ya fi ƙwarewa. Ranar da ka so fuska kaɗai, kada ka biye wa zuciyarka ka matsa har santimita 80. Tsaya a mita ɗaya da rabi, ka bar fili, ka yanke daga baya. Kyamara mai megafiksel 24 ko ka zubar da rabin hoton saura 12, kuma sun isa a buga babban hoto.

35mm fa, ko abin da ya fi shi faɗi? An ce ba a hoton mutum da su.

Wanda ya faɗi haka fuska kaɗai ya sani. Akwai hoton da wurin da mutum yake shi ne rabin labarin: maƙeri a maƙera, malama a gaban allo, tsoho a kujerar da ya saba zama. Mai ɗaukar hoto Ba'amurke Arnold Newman ya yi suna da irin wannan. A hotonsa na mai tsara kiɗa Igor Stravinsky na 1946, mutumin yana can ƙasa a kusurwa, murfin piyano ya cinye sauran filin, amma ba wanda zai ce ba hoton Stravinsky ba ne. Duk mai son irin wannan hoto a wuri matsattse, 35mm abokin tafiyarsa ne.

Sai dai yana da sharuɗɗa. Gilashi mai faɗi yana jan abin da ke gefen hoto, kan mutum ya miƙe kamar an ja shi ta kunne. Wannan ba lalacewar gilashi ba ce, haka lissafin shimfiɗa gani mai faɗi a kan shafaffen abu yake, kuma yana tsananta daga 28mm zuwa ƙasa. Don haka fuska ta zauna kusa da tsakiya. Riƙe kyamara daidai ƙirjin mutum, kada ka karkata ta. In ka ɗauka daga sama kai zai yi girma ƙafa ta tsuke, daga ƙasa kuma akasin haka. Ka kuma kula da hannu, gwiwa ko takalmin da ya miƙo wajenka, don duk abin da ya fi kusa da kyamara shi zai zama sarkin hoton.

Hoton jama'a ma haka. Gara ka ja baya da 35mm ko 50mm ka bar fili hagu da dama, da ka cusa mutane har bakin hoto da 24mm. Wanda ya tsaya a ƙarshen layi shi ke biyan bashin, kuma ba zai yafe maka ba.

135mm da 200mm fa? Hotunansu suna burge ni.

Suna da kyau, ba musu. Asirinsu shi ne ɗan yanki kaɗan na baya suke gani. Wurin da ke cike da tarkace, turakun lantarki da motoci, da 200mm sai ka nemo bishiya ɗaya mai kore a can nesa ta cika bayan mutum gaba ɗaya. Abin da ke nesa kuma yakan zama kamar ya matso ya jingina da mutumin. Wannan ma aikin tazara ne: ka yi nisa da mutum, don haka shi da abin da ke bayansa sun kusa zama nisa ɗaya a wurinka.

Wahalarsu ita ce fili. Cikakken jiki da 135mm yana son mita bakwai da rabi, da 200mm kuwa mita 11. A nan hira ta ƙare, sai ihu da nuni da hannu, ga masu gilmawa tsakani. Zum ɗin 70-200mm f/2.8 da ƙwararru ke yawo da shi nauyinsa daga kilo ɗaya ne zuwa ɗaya da rabi, wuni guda da shi wuyan hannu zai ba ka labari. A ra'ayina 135mm shi ne iyakar abin da mai hoton mutum ke buƙata yau da kullum, 200mm na ranar da baya ya ƙi daɗi ne.

Ina son bayan mutum ya narke. Tsawon gilashi ke kawo wannan ko ƙofar haske?

Duka biyun, kuma akwai hanyar haɗa su a lamba ɗaya. Raba tsawon gilashi da lambar f, za ka sami faɗin ƙofar da haske ke bi. 50mm f/1.8 milimita 28 ne. 35mm f/1.4 milimita 25. 85mm f/1.8 milimita 47. 85mm f/1.4 wajen 61. 135mm f/2 wajen 68. 200mm f/2.8 wajen 71. In mutum ya cika hoto daidai wa daida a kowanne, kuma bayan yana da nisa sosai, wanda ya fi faɗin ƙofa shi zai fi narkar da shi. Ka ga ke nan 200mm f/2.8 ya doke 50mm f/1.8 nesa ba kusa ba, duk da lambar f ɗinsa ta fi girma. Ka kuma ga dalilin da ya sa zum ɗin 18-55mm da ke zuwa tare da kyamara ba ya narkar da komai: a 55mm ƙofarsa f/5.6 ce, milimita 10 ma ba ta cika ba.

Amma akwai abu na uku, kuma kyauta ne: nisan mutum da abin da ke bayansa. Mutumin da ya jingina da bango, ko da f/1.2 ka ɗauke shi bangon zai fito da duk tsagarsa. Janye shi mita huɗu ko biyar gaba, har wancan zum ɗin da ake rainawa zai ba ka mamaki. Masu koyo da yawa sun sayi sabon gilashi don maganin abin da taku biyar zai warkar.

Kalmar boke da kake ji, daga Japananci ta fito, kuma kyan dusashewar take nufi, ba yawanta ba: ko fitilun baya sun zama ƙwallaye masu taushi, ko sun fito da kaifin baki mai ɗauke ido. Wannan ƙirar gilashi ce da siffar ƙofarsa, lambar milimita ba ta faɗa maka.

Wani abu kuma da nake yawan faɗa: ba kowane hoto ke son narkakken baya ba. In ka je har wurin aikin mutum ka narkar da wurin ya zama hazo, me ya kai ka?

Me ya sa ido ɗaya ke fitowa tar, ɗayan dishi-dishi?

Ƙofar ta yi faɗi da yawa. Da 85mm a f/1.8 daga mita ɗaya da rabi, zurfin abin da zai fito da kaifi kamar santimita uku ne. Mutum ya ɗan juya kai, ido na nesa ya fita daga ciki. A f/4 zurfin ya kai wajen santimita bakwai. Sa fokas a idon da ya fi kusa da kai, in kuma fuska ta cika hoto, rufe zuwa f/2.8 ko f/4. Mutum biyu ko fiye, f/4 zuwa f/8, ka kuma jera su yadda fuskokinsu za su zama nisa ɗaya da kyamara.

Kada ka zaci komawa gajeren gilashi zai cece ka. In girman fuska a hoto ɗaya ne, lambar f ma ɗaya, zurfin kaifin kusan ɗaya ne ko da 50mm ko da 135mm.

Zum ya fi ko gilashi mai tsawo ɗaya?

Ya danganta da wanda kake ɗauka. Yara, taro, duk wanda ba zai tsaya jiranka ba, zum. 24-70mm da 70-200mm su biyu sun rufe komai. Wanda zai zauna maka kuwa, mai tsawo ɗaya ya fi sauƙin nauyi, ya fi babbar ƙofa, kuma ba ya tsorata mutum kamar ƙaton bututu.

Illar zum ga mai koyo ba a kaifi take ba, na zamani suna da kaifi. Lalaci yake koyarwa. Mutum ya tsaya duk inda ya tsinci kansa ya murɗa har hoto ya cika, bai taɓa tunanin tazara ba. In zum gare ka, fara zaɓar wurin tsayuwa, sannan ka murɗa.

Ɗakin da nake aiki ƙarami ne. Me zan saya?

Auna shi tukuna. Cire mita ɗaya ko fiye tsakanin mutum da labulen baya, cire rabin mita na tsayuwarka, abin da ya rage shi ne tazararka. Ɗaki mai mita huɗu zai bar maka biyu da rabi: cikakken jiki da 35mm ko 40mm, kai zuwa ƙugu da 85mm. Cikakken jiki da 85mm yana son kusan mita biyar tsakaninku, ka cire shi daga lissafi.

Da waya nake ɗauka. Akwai abin da zan amfana da shi a nan?

Duk abin da aka faɗa kan tazara ya hau kanka, har ma ya fi. Babbar kyamarar yawancin wayoyi ganinta kamar na 24mm zuwa 26mm ne, wato mai faɗi, kuma ta gaba tsawon hannunka ne iyakarta. Tun da iPhone 7 Plus ta zo da kyamara ta biyu mai kamar 56mm a 2016, wayoyi da dama sun bi sahu. In taka tana da 2x ko 3x, wannan shi ne wajen 50mm zuwa 77mm, ja baya ka yi amfani da shi. In ba ta da shi, ja baya duk da haka ka yanke.

Narkewar bayan da waya ke yi a yanayin hoton mutum galibi lissafin manhaja ne, shi ya sa takan ci gefen gashi ko ƙarfen tabarau. Rage ƙarfinta kaɗan, hoton zai fi kama da gaske. A wuri mai duhu kuma ka kula, ƙaramar kyamarar zum ba ta kai babbar shan haske ba.

Tun da na koma dogon gilashi hotunana ke girgiza. Me ya faru?

Dogon gilashi yana ƙara girman rawar hannu kamar yadda yake ƙara girman fuska. Tsohuwar ƙa'ida ita ce saurin shota, wato ɗan lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga, kada ya gaza ɗaya bisa lambar gilashi: 1/100 na daƙiƙa ga 85mm, 1/200 ga 200mm, a ƙaramar sensa kuma ka yi ninkin nan tukuna. Na'urar hana girgiza tana taimakon hannunka, amma ba ta riƙe kan wanda kake ɗauka. Mutum mai rai, ni ba na sauka ƙasa da 1/160 in da hali, yaro kuwa 1/500.

Shin kowace fuska da tsawon da ya dace da ita?

Da tazarar da ta dace da ita dai. Mai dogon hanci ko zurfafan idanu yakan fi son a ja baya. Mai faffaɗar fuska, in ka yi nisa da yawa ƙara mata faɗi za ka yi, ɗan matsowa zuwa mita ɗaya da rabi ya fi yi mata adalci. Amma kada ka ɗauki wannan da zafi. Tsakanin mita biyu da uku bambancin kaɗan ne, kuma juya fuska kaɗan ko sauya inda haske ke fitowa ya fi wannan tasiri nesa.

Yaya zan gane wanda ya dace da ni kafin in saya?

Amsar tana cikin hotunan da ka riga ka ɗauka. Kowane hoton dijital yana ɗauke da bayanan da kyamara ta rubuta a cikinsa, har da milimitar da aka yi amfani da ita. Ware hotunan mutane talatin ko arba'in da ka fi so, ba waɗanda aka fi yaba maka ba, ka duba lambobinsu. Yawanci za ka tarar sun taru wuri ɗaya ko biyu.

Sannan ka yi wa zum ɗinka tarko. Saita shi a lambar da kake tunanin saya, ka manne zoben da salatif, ka yi mako biyu ba ka taɓa shi ba. Mai APS-C da 18-55mm zai iya gwada 23mm, 35mm da 55mm, waɗanda suke kamar 35mm, 50mm da 85mm. In a makonnin nan kullum kana ja da baya har kana cin karo da bango, lambar ta yi maka tsawo. In kuwa kowane hoto sai ka yanke shi a kwamfuta kafin ya yi maka daɗi, ta yi gajarta, matsa zuwa ta gaba ka sake manne zoben.